Alamomin DaVinci Resolve a editin ɗin biki: sun yi, amma a san inda ake saka su

Masu ɗaukar biki a Katsina kun san yadda abin yake, kamu da kamara biyu, ɗaurin aure a masallaci, dina da daddare, ga kai amarya ga buɗar kai, kati ya cika har sai an juye a had disk, sannan uwar amarya ta kira tace ita dai inda ƙanwarta ta yi liƙi take son gani. To wurin nemo wannan wajen ne na ke ganin DaVinci Resolve, manhajar editin ɗin bidiyo a kwamfuta, ya ci kuɗinshi, duk da ma kyauta ne. Kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ne ke yinshi, akwai na kuɗi mai suna Studio amma duk abin da zan faɗa anan yana cikin na kyautan.

Kana kallon bidiyo ka danna M alama ta zauna, ka sake danna M akwati ya buɗe ka rubuta mata suna da bayani ka zaɓi kala. Kala 16 ne. Ni kore na ke ba shigowar amarya da ango, rawaya liƙi da rawa, ja kuma duk inda bai kamata ya fita ba, misali wata ta gyara mayafi ko dattijo yana tsakiyar loma, irin wanda in ya fita a faifai sai an yi maka waya. Shift da kibiyar sama ko ƙasa na kai ka daga alama zuwa alama, ba sai ka ta jan linzami kana lalube ba. In kuma abin mai tsawo ne kamar addu'ar liman, ka riƙe Alt ka ja alamar ta miƙe ta rufe wajen gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge ni Edit Index, nan za ka ga alamominka a jere da suna da lokaci, ka danna ɗaya ta kai ka. Wlh aikin hawan sallah ma haka, dawakai ta ko'ina a Ƙofar Soro, in baka rubuta tawagar wane hakimi bace a lokacin da kake kallon farko to sai ka sake kallo daga farko.

Amma fa ga inda ake shan wahala. In ka zaɓi kilip kafin ka danna M, alamar kan kilip ɗin take zama, duk inda ka matsar dashi tana biye. In baka zaɓi komai ba, kan taimlayin take hawa, wato layin lokacin da ake jera kilip-kilip a kai, can sama, kuma ita wannan in ka yanke minti biyar daga baya komai ya matso ita tana nan inda ka barta, sai kaga “shigowar ango” a kan masu rabon abinci, sai dai in Ripple Timeline Markers, zaɓin da ke sa alamomin su matso tare da yankan, na kunne. Shi yasa na ke ce ma yaran shago ku riƙa sakawa kan kilip tun kafin a fara yanka. Akwai kuma tuta da ake sakawa da G, ita ta kilip ɗin dukanshi ce ba ta wani sakan ba, bana damuwa da ita sosai.

Sai nauyi. Resolve na son kwamfuta mai ƙarfi, ram 16 zuwa sama da katin girafik mai kyau, tsohuwar laftop mai ram 4 kar ma ka wahalar da kanka. Wanda aikinshi gajerun bidiyo ne na TikTok a waya CapCut ya isheshi. Mai biki na kwana uku kuwa da kati biyar a aljihu, ya sauke Resolve ya rubuta ma'anar kalolinshi a takarda ya manna a bangon shago, don kar kai kore ya zama amarya yaronka kuma ya ɗauka wanda za'a goge ne.