Tsohuwar kyamarar fim: wacce za ka saya don hoton baƙi da fari?

Tambayar farko da za ka yi wa mai sayar da tsohuwar kyamara ita ce: in an cire batir, tana ɗauka? Da wannan nake auna kowacce, tun ranar da wata mai dogaro da lantarki ta mutu a hannuna ina tsakiyar tafiya, ga sauran hoto ashirin a cikin fim.

Canon AE-1 ta 1976 ba ta cikin lissafi, don ba batir, ba hoto. Olympus OM-1 ƙarama ce mai kyan gani, amma ma'aunin haskenta irin batirin da aka daina yi yake nema. Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, akwai juriya, sai dai sunan da ta yi a wurin masu koyo ya sa kuɗinta ya wuce amfaninta, kuma saurin labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya taɓa fim, bai haura 1/1000 na daƙiƙa ba.

Ni dai Nikon FM2 ce tawa. Ta fito a 1982, ba a daina yin ta ba sai 2001, don haka tana da yawa a hannun mutane, masu gyara ma sun san cikinta. Labulenta na ƙarfe ne, sifirin (spring) ke sarrafa shi ba batir ba, yana kai 1/4000. Ga amfanin hakan: yawancin masu baƙi da fari fim mai lamba 400 (lambar da ke nuna saurin kama haskensa) suke sakawa, Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X. In rana ta take, wannan fim zai tilasta maka tsuke kafar haske, wato ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, zuwa f/16 a saurin labule na 1/500. Da FM2 kuwa, a saurin 1/4000, sai ka buɗe kafar har f/5.6, fuskar mutum ta fito tangaran, abin da ke bayansa ya yi laushi. Batir biyu ƙanana, LR44, aikinsu kawai kunna jajayen alamomi uku na ma'aunin haske. In sun ƙare, ka ci gaba da ɗauka da ƙiyasin ido. Ka haɗa ta da gilashin gaba (lens) mai 50mm f/1.8, ya wadatar. Amma kada ka cusa mata gilashin Nikon na kafin 1977 da ba a gyara bakinsa ba, zai iya lalata zoben da ke karanta kafar haske.

Sai batun 'yan damfara, wanda ya fi damuna. In ka ga an rubuta "ba a gwada ba", sau da yawa an gwada, an ga ta mutu. Buɗe bayanta, ka fuskanci haske, ka danna a kowane sauri. Daƙiƙa ɗaya ta yi daƙiƙa ɗaya a kunnenka, kada ta ja ko ta maƙale. Dubi ganyayen labulen da kyau. In yatsa ya taɓa lanƙwasa su, bar ta nan. Haska tocila ta cikin gilashin: zare-zare kamar saƙar gizo-gizo funfuna ce, kuma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin har abada. Leƙa gidan batir ko akwai farin gari ko koren tsatsa. Soson bakin murfi da ya narke ya yi danƙo kamar kwalta ba abin tsoro ba ne, ana sauya shi cikin sauƙi, sai dai ka nemi ragi.

Akwai kuma masu ɗauko kyamarorin Zorki ko FED na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, su shafa musu ruwan zinare, su zana sunan Leica, kyamarar Jamus mai tsada, a kai. Fim ma ba a bar shi ba: wanda ya wuce wa'adi ko ya sha zafi yakan fito da hazo, saboda haka duba kwanan watan da ke jikin kwalin.

Kafin ka biya, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za ka ɗauki fim ɗaya mai hoto 36, a wanke shi, in an ga haske ya tsiyaya ko gefen hoto ya yi duhu, ka mayar masa da kayansa ya ba ka kuɗinka.