Zabbix 7.0: Manhaja ce mai kyau, amma hawanta ba ya da komawa

Cikin manhajojin sa ido kan sabar, Zabbix na cikin waɗanda suka fi cancanta a dogara da su, ga ta kyauta. Sigar 7.0 da ta fito a watan Yunin 2024 ta fi 6.0 saurin tattara bayanai. Inda take da aibu shi ne wajen sabuntawa.

Da zarar an kunna sabuwar sabar Zabbix, ita da kanta take sauya tsarin rumbun bayanai, ba ta neman izinin kowa. In ta sauya, tsohuwar siga ba za ta ƙara karanta shi ba. Don haka a fara tsayar da sabar, a kwafe rumbun da mysqldump ko pg_dump, a haɗa da fayilolin /etc/zabbix. Kwafin kuma a loda shi a wata na'ura a ga ya tashi, domin sau da yawa sai ranar buƙata ake gane ya yanke a tsakiya saboda faifai ya cika. A duba PHP ya kai 8.0, rumbun kuma MySQL 8.0.30 ko PostgreSQL 13. Mai MySQL da ke ajiye binlog, wato rajistar sauye-sauyen rumbu, ya mayar da saitin log_bin_trust_function_creators zuwa 1, in ba haka ba aikin zai iya tsayawa a rabi.

Asarar da ba a cika lura da ita ba tana wajen proksi, wato ɗan aiken da ke tattara bayanai ya miƙa wa sabar. Yayin da sabar ke kashe, proksi na riƙe abin da ya tara, amma ProxyOfflineBuffer, saitin tsawon lokacin riƙon, awa 1 kacal yake zuwa da shi. Babban rumbu kuwa kan ci awoyi kafin ya gama sauyawa, duk abin da ya haura awar nan ya tafi. A ɗaga shi zuwa 24 tun kafin a fara, yana karɓa har 720. Proksi mai rumbun SQLite ya fi haɗari: sabuntawa na zubar da tsohon rumbunsa ne ta buɗe sabo. Shi ya sa sabar ake fara sabuntawa, a bar proksi na 6.0 ya juye mata kayansa, tunda 7.0 na karɓa, sannan a taɓa shi.

Wanda ya gudanar da history_pk_prepare.sql, fayil ɗin da ke sauya teburan tarihin bayanai da sababbi, ya ga jadawalinsa fayau, kada ya firgita. Tarihin na nan cikin tebura masu ƙarewa da _old, sai an kwaso shi da hannu. Kada a goge su kafin a kwatanta yawan layukan tsoho da sabo.