Karatun JCHEW bayan na haura arba'in: abin da na samu da abin da na rasa

Hajiyarmu ta yi wata 11 a kwance bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni na yi jinyarta a gidanmu na Ɗorayi da iya abin da na sani, wato wanka, abinci da addu'a. Ranar da gyambo ya ɓulle mata a ƙugu muka kai ta Asibitin Murtala, wata nas ta ɗaga zanin ta duba, ta ce, "Hajiya, duk bayan awa nawa kuke juya ta?" Wallahi ban san ana yi ba. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, tambayar nan ta hana ni sukuni har na rufe keken ɗinkina na koma aji ina da shekara 43.

Wata kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta na shiga a nan cikin gari, na yi JCHEW, karatun ƙananan ma'aikatan lafiyar al'umma na shekara 2. Mai shekara 3 shi ne CHEW. Kafin su ɗauke ni sai da na sake zama NECO, don WAEC ɗina ta 1998 babu kiredit a kemistiri da fiziks, su kuma biyar suke nema har da Turanci, lissafi da bayoloji.

Inda makarantar ta ciri tuta shi ne aikin hannu. Malamar da ta koyar da mu awon jini, wadda ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ba ta yarda da hadda. Sai ka ɗaura abin awon a damtsen ɗan uwanka, ka sa abin sauraro a kunne, ka faɗi lambar da ka ji. Na yi mako biyu ba na jin komai sai bugun zuciyata. Ta zaunar da ni bayan an tashi ta ce, "Anti, ki sassauta iskar a hankali, kada ki yi sauri." Ranar da na kama bugun farko sai da na yi hawaye. A nan na gane abin da awon 140 bisa 90, wato hawan jini, ke nufi, na kuma gane cewa hawan jinin da Hajiya ta yi shekaru tana shan maganinsa yau ta bari gobe shi ne ya kai ta kwance. Watannin da muka yi a asibitin sha-ka-tafi, ranar awon ciki da ranar rigakafi, sun fi min duk laccar da aka yi.

Amma akwai gyara. An tsara karatun ne don 'yan shekara 18 da ba su da tukunya a kan wuta. A sa lacca ƙarfe 8, in baro yara in biya adaidaita, sai a ce malami ya ɗage zuwa la'asar. Kuɗin da aka faɗa mana da farko ma ba shi muka ƙare biya ba, kowane zango da sabon abin da zai ɓullo. Abin da ya fi damuna kuwa, kula da tsofaffi, wanda shi ya kawo ni, ɗan taɓawa kawai aka yi. Ƙarfin karatun yana kan mata masu ciki da ƙananan yara. Juya majinyaci duk bayan awa 2, sa matashi tsakanin gwiwoyi, ɗaga kai kafin a ba da abinci don kada ya shaƙe, mafi yawansu a wajen wata tsohuwar nas na koya lokacin da muke aikin asibiti.

Duk da haka ban yi nadama ba. 'Yar uwa, in za ki shiga, ki fara tabbatar da cewa hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta ƙasa ta amince da makarantar, don sai da jarrabawarta ake samun lasisi, kuma ki nemi a rubuta miki duka kuɗin a takarda.

Yanzu ina kula da wata dattijuwa a Gwale sau uku a mako. Na manna wa jikokinta takarda a bangon ɗakin, ƙarfe 6, 8, 10, 12, kowa ya juya ta sai ya sa alama. Wata biyar ke nan fatar bayanta lafiya ƙalau, alhamdulillahi.