Sun tona ƙarshen littafina a TikTok, wai kuma in yi murna

Taurari biyu na ba kamfanin da na ɗauka ya tallata littafina, kuma da ana iya raba taurarin nan da na miƙa su duka ga yaron da ke tace musu sauti, sauran ma'aikatan su tashi a tutar babu. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Duk marubucin da ya taɓa fitar da littafi ya san irinsu, don su ne ke fara turo saƙo: ba mu littafinki mu kai ki shirye-shiryen podkas (wato shirye-shiryen sauti na intanet), mu yanka hirar guntu-guntu mu watsa a TikTok da Instagram da Facebook, mu kuma buɗe miki naki shirin ki riƙa karanta wa jama'a babi-babi. Ni babban tsarin na ɗauka, wanda ya haɗa duka ukun, saboda na gaji da tallan da ba ya wuce dangi da ƙawaye.

Littafin nawa gaba ɗaya a kan tambaya ɗaya ya tsaya. Jarumar tana samun wasiƙu marasa suna, mai karatu kuma ba zai san wanda ke rubuta su ba sai a babin ƙarshe. Na faɗa musu wannan tun ranar farko, na kuma rubuta musu a imel cewa kowace tambaya na yarda a yi mini ban da wannan.

Shirin farko da suka kai ni babba ne, ba laifi, kyamarori da fitilu ko'ina. Amma tun tambayar farko na gane mai gabatarwar bayan littafin kawai ya karanta. Yana kiran jarumar da sunan ƙanwarta, ina gyara masa, yana sake maimaitawa. Na daure, na ce ai ba kowa ke da lokacin karatu ba. Da aka zo ƙarshe ya yi sallama da masu sauraro, ya cire abin kunnensa ya ajiye, ya ce, "Malama mun kammala, mun gode ƙwarai." Aka fara naɗe wayoyi, ana ta raha. Sai ya matso ya ce, "To yanzu da ba kowa, tsakani da Allah wa ke rubuta wasiƙun nan?" Na yi dariya na faɗa masa, har da dalilin da ya sa na zaɓi wannan mutumin. Duk wanda ya taɓa shiga hira ya san idan aka ce an kammala, to an kammala. Ashe kyamara ɗaya tana nan tana ɗauka.

Wannan guntun shi suka fara saki. Ba wanda ya turo mini in gani, alhali yarjejeniyarmu ta ce sai na amince da kowane bidiyo kafin ya fita. Suka ɗora masa rubutu da manyan baƙaƙe wai marubuciya ta fasa ƙwai. Ni ban ma san ya fita ba sai da saƙonni suka fara shigowa. Wata yarinya da ta sayi littafin tun makon da ya fito, tana tsakiyar karatu, ta rubuto mini: "Anti me muka yi miki? Ni dai na ajiye shi." Wannan saƙon ya fi komai ci mini rai. Shekarun da na yi ina ɓoye sunan nan a tsakanin layuka, ina goge duk jimlar da za ta sa a yi zargi da wuri, wani ya zo ya zubar da su a bidiyon da bai kai minti ɗaya ba.

Da na kira wadda ke kula da aikina, ban ji ko alamar damuwa a muryarta ba. Cewa ta yi, "Haba Malama, ai murna za ki yi, a duk bidiyoyin da muka saki watan nan ba wanda ya yi tafiyar naki." Ta turo mini hoton alƙaluma. To ni ma na ɗan san yadda ake wannan lissafi. A da, Facebook da daƙiƙa 3 yake ƙirga cewa an kalli bidiyo, TikTok kuwa da zarar ya fara motsi an ƙirga. Mutumin da yatsansa ya ɗan tsaya yana hamma shi ma mai kallo ne a wannan lissafin. Waɗanda kuma suka tsaya suka kalla har ƙarshe, me aka sayar musu? An ba su amsar tambayar da za ta sa su sayi littafin, kyauta.

Na ce a sauke. Aka ce mai riƙe da lambar sirrin shafin ba ya nan. Na sake kira, aka ce sai manaja ya sa hannu. Kafin su ga dama su cire, mutane sun riga sun adana shi a wayoyinsu, yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, inda ba mai iya kamo shi. Har yau idan na saka hoton littafin sai wani ya zo ƙasa ya rubuta sunan mai wasiƙun, da ɗan hoton dariya.

Abin haushi kuma, ko hanyar sayen littafin ba su saka daidai ba. A Instagram sun manna dogon adireshi a cikin bayanin bidiyon, alhali kowa ya san a can ba ya dannuwa, sai dai a kai shi saman shafi ko cikin sitori. Mutane na ta tambaya "ina ake samu?" ba mai ba su amsa. Ni na zauna ina bi ɗaya bayan ɗaya, aikin da na biya don a ɗauke mini.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba zan ce komai nasu banza ba ne. A cikin jerin da suka haɗa mini akwai wani ƙaramin shiri da na kusa cewa a tsallake, don masu sauraronsa ba su da yawa, ba bidiyo, murya ce zalla. Matar da ke gabatar da shi ta zo da littafin duk ta ja layi da fensir a gefen shafuka. Ta tambaye ni a kan wata tsohuwa da ta fito a babi ɗaya kacal, ta ce me ya sa ita kaɗai ce ba ta taɓa yi wa jarumar ƙarya ba. Ba wanda ya taɓa lura da wannan. Muka yi doguwar hira ba gaggawa, kuma ba ta ko kusanci zancen ƙarshen labarin ba. Bayan fitar shirin nan ne na fara samun saƙonni masu tsawo daga mutanen da ban sani ba, wasu sun saya, wata ta ce ƙungiyarsu ta karatu ta zaɓe shi. Mai sauraron da ya ba ki kunnensa na tsawon awa yana tuƙi ko yana aikin gida, ya riga ya saba da muryarki kafin ya buɗe shafin farko.

Sai kuma yaron sautin, Allah ya yi masa albarka. Shi ya ce in daina ɗauka a ɗakin da ba komai sai bango, in koma inda akwai labule da tufafi don su shanye amsa-kuwwa, in kashe fanka, in bar tazarar kamar tafin hannu tsakanina da makirfo, in ɗan kauce gefe don kada iskar baki ta riƙa bugunsa. Babin farko da ya gyara ya turo mini, sai da na saurara har ƙarshe kamar ba ni na rubuta ba. A lokacin har na fara cewa a raina, to a yafe, taurari huɗu ma ba su yi yawa ba.

Ranar da wa'adinmu ya ƙare na nemi a miƙa mini shirina, a nan tsohon ciwon ya dawo sabo. Ashe da imel ɗinsu suka buɗe shi. Ga wanda bai sani ba, podkas ba a cikin Spotify ko Apple Podcasts yake zaune ba. Yana wurin da aka ajiye sautin ne, daga can wani adireshi da ake kira RSS ke rarraba shi zuwa manhajoji. Idan kina son tabbatar da cewa shirin naki ne, lambar tantancewa imel ɗin da ke cikin RSS ɗin ake aika wa. Wato a takarda shirin da ke ɗauke da sunana da muryata da labarina nasu ne. Idan na buɗe sabo, duk waɗanda suka bi na farkon sun tafi, sai dai in su kamfanin ne suka juya tsohon adireshin ya nufi sabon. Aikin mintuna kaɗan ne. Sun ce wannan "sabis ne na daban". Kuma fa buɗe shirin ba wani abin a zo a gani ba ne, tun da Spotify ya sayi Anchor, wani dandalin ajiye podkas, a 2019 mutane ke ɗora shirye-shiryensu a can ba tare da biyan ko sisi ba.

Rahoton ƙarshe da suka ba ni ma adadin saukewa kawai ke ciki. A ƙa'idar da masu harkar ke bi, ta IAB, wato ƙungiyar masu harkar talla a intanet, idan sautin minti ɗaya ya sauka a waya an ƙirga, ko an saurara ko ba a saurara ba, kuma wayoyi da yawa da kansu suke saukewa. Shi ya sa da Apple ya sauya tsarin saukewa ta atomatik a iOS 17, manhajar wayar iPhone, a 2023 alƙaluman shirye-shirye da dama suka faɗi. Abin da nake son sani shi ne a wane minti mutane ke daina sauraron babi, don in gane inda labarin ke sanyi. Wannan bayanin yana nan a shafin mai shiri, amma mai asusun kaɗai ke ganinsa, ni kuma ba a ba ni mabuɗi ba.

Yanzu na buɗe tashar WhatsApp, ina kuma tattara imel na masu karatun da suka yarda, ko ba komai waɗannan a hannuna suke. Matar ƙaramin shirin nan ta ce in dawo idan littafi na gaba ya fito, kai tsaye, ba ɗan tsakiya. Babi-babin da na karanta kuwa suna can a asusun kamfanin. Na sake rubuta musu a kan juya adireshin, amsar da ta zo ita ce tallan rangwame ga marubutan da suka taɓa aiki da su.