Tsoho mai gigin tsufa: gwajin tambayoyi za a biya wa kuɗi ko na wayoyi a ka?

Idan Baba ya fara maimaita alwala sau uku, ko Inna ta fita gidan maƙwabta ta kasa gane hanyar dawowa, 'ya'ya kan haɗa kuɗi su ce a tafi Kano a sa musu na'ura. Kafin ku ɗauki shatar mota daga Ringim ko Bichi, ku san abin da za ku biya wa kuɗin.

Gwajin tambayoyi shi ne mai arha, kuma shi ne ke nuna nisan da ciwon ya yi. Wanda aka fi sani, MMSE, tun 1975 ake amfani da shi. Makinsa 30 ne, wanda ya samu ƙasa da 24 sai a zurfafa bincike. Matsalarsa a ƙauye ita ce a cikinsa akwai karatu da rubuta jimla da lissafi. Dattijon da ya haddace izu sittin amma bai yi boko ba yana iya faɗuwa alhali garau yake. Shi ya sa na fi son gwajin IDEA, wanda aka gwada a Tanzaniya da Najeriya don marasa boko: a ce tsoho ya jero sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ya riƙe kalmomi goma, ya kwaikwayi wani tsari da tsinken ashana. Ku tafi da wadda ke zaune da shi kullum, ko da jika ce. Abin da za ta faɗa wa likita ya fi na ɗan da ke zuwa daga birni ranar Juma'a.

Shi kuwa gwajin na'ura da ake kira EEG, wayoyi kusan ashirin ake manna wa a fatar kai su ɗauki motsin lantarkin ƙwaƙwalwa na kamar rabin awa. Ba zafi, ba allura, sai dai Inna ta tsefe kitso ta wanke kai, kada ta shafa mai. Idan ciwon ya yi nisa motsin kan yi sanyi, amma a farkonsa sakamakon na iya fitowa lafiya lau. Amfaninsa na gaske shi ne inda ake zargin farfaɗiya, ko rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwanaki ko makonni. Irin wannan kam ku nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

In kuɗin kaɗan ne, bayan tambayoyi ku sa su a gwajin jini: suga, maƙoƙo da bitamin B12, domin mantuwar da suke jawowa tana jin magani.