Wane Tsohon Magogin Katako Ya Kamata Ka Saya?

Duk wanda ya tsaya gaban mai kayan gwanjo yana juya tsohon magogin katako na hannu, wanda kafintoci ke kira jakfilen, ya kamata ya fara tambayar kansa ko aiki zai yi da shi ko ajiyar tarihi, domin waɗannan buƙatu biyu ba kuɗi ɗaya suke ci ba.

Magogin ice zalla shi ne mafi araha, ba shi da nauyi, kuma yana sulɓi a kan katako. Sai dai da guduma ake saita wuƙarsa, wanda yake buƙatar hannun da ya saba, sannan bushewar hunturu na iya tsaga jikinsa ko ta karkatar da tafinsa, wato ƙasansa da ke sulɓi a kan katako. A ɗaya gefen kuma akwai irin na kamfanonin Norris na Landan da Spiers na Sikotilan, masu jikin ƙarfe da aka cike da ice mai daraja. Aikinsu abin yabo ne, amma masu tara kayan tarihi sun ɗaga farashinsu, don haka mai neman na aiki ya bar su.

Abin da ya rage, kuma inda mafi yawan masu saye za su tsaya, shi ne na ƙarfen zubi irin ƙirar wani Ba'amurke mai suna Leonard Bailey, wadda kamfanin Stanley na Amurka ya sayi haƙƙinta a 1869. Kamfanin Record na Sheffield a Ingila ya fara yin kwatankwacinsa a 1931, ana gane shi da shuɗin fenti, shi ma Stanley ya soma ƙera nasa a garin a 1937. A wurin aiki babu wani bambanci mai yawa tsakanin su biyun, saboda haka ba na ganin dalilin biyan ƙari don suna kawai. Akwai kuma Bed Rock, da Stanley ya fitar a 1898, mai lambobi irin 604 da 605, wanda mazaunin wuƙarsa ya fi zama daram a jiki. Ya fi kyau, amma fifikon bai kai yawan kuɗin da ake nema a kansa ba. Wanda zan ce a guje wa shi ne Handyman, samfurin Stanley mai rahusa, wanda ƙirarsa ba ta kai ta sauran ba.

Lambar da ke jikin ƙarfen tana nuna girma. Lamba 4 tsawonsa wajen inci 9 ne, aikinsa goge fuskar katako ta ƙarshe. Lamba 7 inci 22 ne, tsawon nan shi ke hana shi bin kwari da tudun katako, shi ya sa ake miƙar da gefen allunan ƙofa ko tebur da shi kafin a haɗa su. Lamba 5 mai inci 14 yana tsakiya, yana rage kauri, yana miƙar da gajeren allo, kuma wuƙarsa mai faɗin inci 2 daidai take da ta lamba 4, ana iya musanya su. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, lamba 5 ya dace da shi.

Tsatsa ba ta cika zama abin tsoro ba, domin kananzir da samfefa suna fitar da ta sama. Tsagewa ce babbar illa. Ka ɗaga magogin zuwa haske, ka goge datti da babban yatsa, ka duba kusurwoyin bakin da wuƙa ke fitowa da kuma gefuna biyu, domin ƙarfen zubi idan ya faɗi ƙasa nan yake tsagewa, waldar da aka yi masa kuwa takan karkatar da tafi. Daga nan ka ɗora rula ta ƙarfe a kan tafin: ba dole ya kwanta ko'ina ba, amma gaba da gaban baki da baya su taɓa rular tare. Ƙaramin karkata ana gyara shi da samfefa a kan gilashi mai kauri.

Ka cire wuƙar ka duba bayanta. Idan tsatsa ta yi ramuka kusa da kaifi, duk washin da za ka yi zai bar giɓi, sai dai ka sa kuɗin sabuwa cikin lissafi. Ƙarfen da ke manne a kanta, mai karya sassaƙe, ya kamata ya zauna ba tare da rata ba, musamman ga mai aikin ice mai murɗaɗɗiyar jijiya kamar maɗaci. Mariƙin da ya karye ana manne shi ko a sassaƙa wani, amma idan dunƙulen tagulla mai tura wuƙa ya ƙi juyawa, ko zaren nocin da ke riƙe mazauni ya ci, ka ajiye wa mai kayan abinsa ka duba na gaba.