Creepshow 2: ɗan hakin da aka raina

Na daɗe ina jin masu kallon finafinan ban tsoro na Amurka suna cewa kashi na biyu na Creepshow bai kama ƙafar na farko ba, shi ya sa na yi shekaru ban waiwaye shi ba. Daren Juma'ar da ta wuce ƙanena ya zo da shi a kwamfutarsa, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, muka kalle shi daga farko har ƙarshe, wajen awa ɗaya da rabi. Da muka tashi na ga an zalunci fim ɗin nan.

Gaskiya ne an rage masa kaya. Na farko ya fito a 1982, George Romero ya ba da umarni, marubucin labaran ban tsoro Stephen King ya rubuta, labarai biyar ne a cikinsa. Na biyu ya fito a 1987 da labarai uku kacal. Romero ya koma rubutawa daga labaran King, aka miƙa umarni ga Michael Gornick, wanda shi ne ya riƙe kyamara a na farkon. Kana gani ka san kuɗin da aka kashe ba su taka kara sun karya ba. Amma tushen duka biyun ɗaya ne, wato mujallun zanen ban tsoro da yaran Amurka ke karantawa a shekarun 1950, inda mugu ke aikata ta'asa a shafin farko, kafin shafin ƙarshe alhaki ya kama shi ta mummunar hanya. Duk wanda ya taso yana jin tatsuniya a bakin kakarsa zai gane wannan salo nan take. Ba a ɓoye maka inda za a je, daɗin yana cikin yadda za a kai ka.

Labarin farko shi ne mafi sanyin tafiya. Wani dattijo da matarsa suna riƙe da kanti a wani gari da ya mutu a Arizona, ciniki ya tsaya, bashi ya yi yawa a hannun mutane. A ƙofar kantin akwai gunkin katako na wani jarumin 'yan asalin ƙasar, dattijon yana shafa masa fenti kamar mai kula da tsohon aboki. Shugaban 'yan asalin yankin ya kawo kayan adon gado na iyalansu ya ajiye jingina har su biya bashi. A daren nan ɗan ɗan'uwansa, mai taƙama da dogon gashinsa yana mafarkin zama tauraro a Hollywood, ya shigo da abokansa biyu suka yi fashi suka kashe tsofaffin. Sai gunki ya sauko daga inda yake tsaye. George Kennedy, wanda ya taɓa cin Oscar, da Dorothy Lamour, wadda wannan ne fim ɗinta na ƙarshe, sun sa na ji tausayin ma'auratan nan sosai, kuma yadda gunkin ke tafiya a sandare yana ƙara kamar tsohon ƙyaure ya burge ni. Abin da bai yi mini ba shi ne ɗauko Bature, Holt McCallany, a shafa masa launi a ce shi ne ɗan fashin nan mai dogon gashi, ɗan asalin ƙasar.

Labari na biyun ne ya sa na rubuta wannan sharhi. Ɗalibai huɗu, maza biyu mata biyu, suka tafi wani tafki da ba kowa a lokacin sanyi, suka bar motarsu a buɗe rediyo na kiɗa, suka yi iyo zuwa wani dandamalin katako da ke shawagi a tsakiyar ruwa. Sai ga wani baƙin abu mai faɗi yana yawo a saman ruwan, kamar malalar baƙin mai. Da na fara ganinsa na ce wa ƙanena ai wannan baƙar leda ce kawai aka shimfiɗa, shi ma ya yi dariya. Minti biyar bayan nan babu wanda ya sake magana a cikinmu. Abin ya fara haɗiye agwagwa, sannan ɗaya daga cikin 'yan matan ta miƙa yatsa ta taɓa shi, ya naɗe hannunta ya ja ta, fatarta na narkewa tana kiran a taimake ta. Daga nan ya shige ƙarƙashin dandamalin, ya riƙa leƙowa ta tsakanin katakai. Ya kama ƙafar ƙaton cikinsu ya janye shi ta wannan 'yar tsaga, ƙafar ta karye ta lanƙwashe sama. A nan ne na lura na naɗe ƙafafuna a kan tabarma ban sani ba.

Abin da ya sa labarin ya yi aiki shi ne ba a gaya maka mene ne wannan abu, ko daga ina ya fito. Ga gaɓa can kana hangowa, ga mota, ga kiɗa yana tashi, rana tsaka, amma ba hanyar isa. Ba kwamfuta a aikin, da hannu aka haɗa komai, roba da jini na ƙarya da ruwan gaske mai sanyi da ka ga 'yan wasan na rawar ɗari a cikinsa. Na ƙarshensu ya yi ta maza ya yi iyo har ya taka ƙasa, ya juyo yana kurarin ya tsira, sai abin ya miƙe kamar igiyar ruwa ya rufe shi. Kyamara ta juya a hankali ta nuna allon da ke hana wanka a tafkin, ciyawa ta rufe shi. Akwai wuri guda a labarin nan da ya ɓata mini rai, inda saurayin da ya rage ya taɓa jikin yarinyar da ta rage tana barci. Bai ƙara wa labarin komai ba, kuma saboda shi da wasu wurare na tsiraici ba zan ce a kalli fim ɗin da yara ko a gaban iyaye ba.

Na ukun shi ne ya fi ba da dariya da tsoro a lokaci guda. Lois Chiles ta fito a matsayin matar wani mai kuɗi da ta makara a wajen kwartonta saboda an ɗauke wuta agogo bai buga ba. Tana sauri a Marsandi don ta riga mijinta isa gida, ta banke wani mai neman a rage masa hanya, ta gudu ta bar shi kwance. Shi kuwa ya ƙi mutuwa. Ta sake taka shi, ta harbe shi, ta matse shi da bishiya, kowane karo sai ya dawo ya fi da lalacewa, yana maƙale da motar yana yi mata godiyar rage hanya. A karo na uku muna dariya, a karo na biyar dariyar ta fara ɗaci, don matar tana ta lissafin kuɗin gyaran mota da ƙaryar da za ta yi wa mijinta, fiye da tunanin mutumin da ta kashe. Stephen King da kansa ya leƙo a nan a matsayin direban babbar mota.

Katun ɗin da aka saka tsakanin labaran, na wani yaro da 'yan iskan unguwa ke tsangwama har ya ja su wajen tsiron da ke cin nama, shi ne mafi rauni. Zanen ya yi araha, kuma yana sanyaya jikin mai kallo daidai lokacin da tsoro ya fara kama shi. Na fi son 'yan mintunan farko da Tom Savini, gwanin kwalliyar finafinan ban tsoro, ya fito da fuskar dodo yana jefo damin mujallu daga bayan mota.

Idan za a tambaye ni, fim na farko ya fi wannan kyan launi da yawan taurari, amma babu labari ko ɗaya a cikinsa da ya riƙe ni kamar na tafkin nan. Washegari na bi ta gefen kududdufin bayan unguwarmu zan je kasuwa, na ga wata baƙar leda tana shawagi a saman ruwa, sai da na tsaya na tabbatar iska ce ke kaɗa ta kafin na wuce.